Ɗaure Gwamna

A Jidda ba a yin sanyin da zai sa mai hankali ya hura wuta don jin ɗumi. Kakata ta san da haka sarai, amma ba ta taɓa yarda ba. Kullum bayan sallar magariba sai ta jawo kaskonta tsakar gida, ta zuba gawayi, ta sa ni fifita har ya yi ja. Hujjarta ita ce gyaɗar da take soyawa cikin yashi, wadda take kaiwa bakin kasuwar Balad da safe. Gaskiyar maganar kuwa, ita dai ba ta iya tatsuniya ba sai ga wuta a gabanta. Ta ce labarin da aka bayar a hasken fitila tamkar tuwon da bai ji muciya ba ne, ana ci amma ba ya kama ciki.

A wancan zamanin unguwarmu, Bani Malik, ƙarshen gari ce. Gidanmu rabi bulo ne, rabi katako da gwangwanayen da aka farke aka daddake. Bangon da ya raba mu da maƙwabta bai hana tari ƙetarewa ba, balle magana. Yaran unguwa Sitti suke ce wa kakanninsu, irin na mutanen Hijaz. Tamu ta ce ita ba ta tako ƙasa da ƙafa tun daga Haɗeja, ta ratsa Sudan, ta ƙetaro Bahar Maliya a jirgin katako don a zo a sake mata suna ba. Kaka take, Kaka muke ce mata. Ni kuma takan kira ni ƙawata, musamman in akwai aikin da take so in yi.

Ko buɗe tatsuniyarta ba irin na kowa ba ne. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ta ƙetaro ruwa ba takarda." Mu amsa, "Ta shigo, ba mai tambayar ta iƙama." Muna faɗa muna dariya, ni da ƙanena Bashir, don a Jidda aka haife mu, kuma mahaifinmu, da yake dako a tashar jiragen ruwa, yana da takardar ɗan ƙasa wadda ta yi wa gidan inuwa. Iƙama, takardar izinin zaman baƙo, a wurinmu kalmar wasa ce. Mutum ɗaya ne a gidan inuwar ba ta kai kansa ba, shi ne kuma ba ya dariya in an ambace ta.

Kawu Sale ke nan, autan Kaka, ƙanen mahaifiyata. A hanya aka haife shi, a Gadarif ta ƙasar Sudan, lokacin da ayarinsu ya tsaya aikin gona don neman guzuri. A goye ya shigo Jidda, bai san wani gari ba, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Amma a takarda baƙo ne, zamansa kuma rataye yake a wuyan kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, wani attajiri mai shigo da siminti. Attajirin ya gina gida can wajen teku, ya kuma ga abin da ya gani a ƙasashen Turawa, ya ce shi ma sai an shimfiɗa masa ciyawa a farfajiya. Mu a lokacin ruwan garwa biyu na ɗan ga-ruwa muke yi wa aure uku: a yi wanka, a yi wanki, a yayyafa wa ƙura. Ciyawar nan kuwa motar tanki ake kawo mata. Na karanta tarihin 'ya'yan gata da dama daga baya, ban ga wanda ya kamo ƙafarta ba. A shayar da ita ta girma, sannan a ɗauki mutum aiki ya riƙa aske girman.

Askin kuwa da inji ake yi. Attajirin ya saya a hannun wani kamfanin Turawa da ya gama aikinsa zai tashi: inji mai ƙafa huɗu da kujera, ana hawa kamar jaki, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa. Kawu ne mahayin. Makina yake ce mata, yana kuma son ta irin son da ake yi wa dabbar da ke ciyar da gida. Ya san halinta. Ya san makullin kashe ta ya daɗe da lalacewa, sai an fizge wayar fulogi take yin shiru. Doka ɗaya aka kafa masa tun ranar farko: kada ya kuskura ya kwance kafireto. Duk faɗin Jidda babu mai sayar da kayan cikinsa, kuma an taɓa yin wani mai lambu da ya buɗe na famfon gidan, wani ɗan ƙarfe ya faɗi cikin rairayi, daga famfon har mai lambun ba wanda ya ƙara aiki.

Sai makina ta kamu da shessheƙa. Haka Kawu ya kira ciwon, ya kuma riƙa kwatanta mana da baki: murya ta yi sama, ta faɗo, ta yi sama, ta faɗo, kamar yaron da ya sha kuka ya kasa tsayawa. In ta shiga inda ciyawa ta yi kauri sai ta shaƙe ta mutu. Abin ya zo daidai da makon da kafilin zai yi walima a farfajiyar, ranar Alhamis da yamma. Ya kira Kawu ya gaya masa, ba faɗa ba ɗaga murya, cewa in ranar ta zo ciyawa tana nan buzu-buzu, to halas, wato shi ke nan da Larabci, ya nemi wani kafilin. Kowa a gidanmu ya san ma'anar wannan. Baƙon da ba shi da kafili, jirgi ne kafilinsa.

Duk makon nan Kawu kan dawo da hannu baƙi ƙirin, ya zauna gefen tabarmar mahaifina, ya lissafa masa abin da ya gwada. Ya sake fulogi. Ya juye fetur ya tace da ƙyalle. Ya wanke soson da ke tace iska, ya matso laka ja. Ya sassauta wayar totur, ya ƙara ɗaure ta. Ya cire wani ɗan sifirin daga hujinsa ya mayar da shi na gaba, sannan ya dawo da shi inda ya same shi. Makina ta karɓi duk wannan hidima ta ci gaba da shessheƙarta.

Ranar Laraba da yamma ya shigo da ƙulli na wayar ƙarfe a hannu, fuskarsa a sake, karo na farko a makon. Bai ko gama zama ba ya ce wa mahaifina, da murya irin ta wanda ya kama ɓarawo, "Halas, Yaya, na gano mai laifin. Gwamna ne. Gobe da sassafe zan ɗaure shi da waya, in ga ta inda zai ƙara motsi."

Ludayin suyar gyaɗa ya suɓuce daga hannun Kaka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ta dubi katakon da ya raba mu da maƙwabta, ta dubi ƙofa, ta yi ƙasa da murya har sai da muka matso.

"Auta, ka sha wani abu ne? Ka manta na bayan katakon nan Hausa suke ji?"

Ta ce ɗakin Allah ya kawo su ƙasar nan, ba gwamnan kowa ba. Ta ce ta ga mazan da aka ɗora wa jirgi a kan maganar da ba ta kai rabin wannan ba. Mahaifina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kawu ma ya yi, ya rantse mata ba mutum ba ne, ƙarfe ne, tsawonsa bai fi yatsa ba, haka masu injin suka raɗa masa suna. Da ya ga ba ta gamsu ba sai ya tattaro kayanta ya shiga koyarwa. Butar shayi ita ce kafireto, maƙogwaron makina, inda fetur da iska suke haɗuwa kafin ta haɗiye. Murfin butar shi ne ƙofar maƙogwaron. Ludayi ne gwamna, hannunsa a kan murfin. Zaren da ya zaro daga gefen mayafinta shi ne sifirin, an ɗaura shi daga ludayin zuwa hannun totur, wanda mahayi yake ja in yana son gudu. In makina ta ji nauyi, gwamna ya buɗe mata ƙofa ta ƙara ci. In ta fara wuce gona da iri, ya janyo murfin ya rage mata.

Kaka ta daɗe tana kallon kayan shayinta. Ta ce, "Kafiri a ciki, gwamna a ciki, kai kuma kana zaune a kai. Allah ya kyauta."

Kawu ya ce da idonsa ya ga hannun gwamnan yana kai da komo tare da kowace shessheƙa, kuma da ya danne shi da yatsa sai muryar ta miƙe sumul. Mahaifina, wanda ya daina dariya, ya tuna masa cewa shekaranjiya shi ya ce in ya ɗan toshe mata iska takan lafa. Ya tambaye shi ko hakan ba ya nuna yunwar fetur take ji ba, ko ba wani abu ne ya tsaya mata a maƙogwaro ba. Kawu ya sunkuya yana miƙar da wayarsa a kan gwiwa.

Kaka ta ce, "Wato aikinsa hana ta gudu."

"Shi ke nan aikinsa, Inna."

"In ka ɗaure shi, wa zai hana ta?"

"Ni mana. Ba ni ke kanta ba? Totur a hannuna yake."

Kaka ta ɗauki ludayinta ta kaɗe, ta ce mini, ƙawata, ƙara gawayi. Sannan ta buɗe tatsuniya. Mun amsa, amma a ranar ba wanda ya yi dariya, don Kawu yana zaune inda hasken garwashi yake kaiwa ga hannunsa kawai.

Wata mata ce mai niƙau. Wata safiya ta tarar da wani ɗan tsoho, tsawonsa bai fi babban yatsa ba, yana nutsewa cikin randarta. Ta tsamo shi da ludayi. Don godiya ya ba ta dutsen niƙa mai niƙa da kansa, shi kuma ya tare a wata 'yar tsaga da ke ƙarƙashin dutsen, riƙe da zare. In dutse ya yi nawa ya saki zaren, in ya yi gaggawa ya ja. Abu ɗaya ya roƙe ta. Akwai wata 'yar kafa a gefen dutsen, nan ne maƙogwaronsa, kullum ta sa tsinke ta share ta, ta ɗiga ruwa. Mata ta yi ta yi, har niƙau ya yi mata yawa, daga ƙauyuka ake kawowa, ta manta da tsinke. Dusa ta cika kafar. Dutse ya fara gardama: ya zabura, ya tsaya, ya zabura, ya tsaya. Ga shi an jibge mata geron biki, gobe ake so. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta ga ɗan tsoho yana ja yana saki, gumi na zubo masa. Ta ce ashe kai ne. Yana ta yi mata bayani, amma muryarsa irin ta sauro ce, ita kuma sauri take yi. Ta tsinko gashi ɗaya daga kanta ta ɗaure masa hannuwa a baya.

Nan Kaka ta sassauta murya. Dutse ya kama niƙa, niƙan da ba a taɓa gani ba. Kafin mata ta wanke hannu geron biki ya zama gari. Ta yi guɗa. Gero ya ƙare, amma dutse bai san ƙarewa ba, wanda yake gaya masa an ɗaure shi. Ya niƙe faifai. Ya niƙe ƙwarya. Kaka tana faɗa tana bin tsakar gidanmu da ido, duk abin da idonta ya sauka a kai shi take ambata: buta, kujera 'yar tsuguno, igiyar shanya, takalman da ke bakin ƙofa. Bashir ya janye ƙafafunsa ya cusa ƙarƙashin riga. Mata ta ce tsaya, ta ce don Allah, ta ce don iyayenka. Dutse ba shi da kunne. Daga ƙarshe ta kwanta rubda ciki, ta miƙa hannu ƙarƙashinsa za ta kwance gashin.

Kaka ta yi shiru, tana juya gyaɗa. Ba abin da ake ji sai yashi yana ƙara a kasko. Bashir ya kasa haƙuri, Larabci ya suɓuce masa: "Wa ba'den, ya Kaka? Sai me?"

"Babu ba'den. Da safe masu biki suka zo, ba gida, ba mai gida, sai tulin gari mai laushi. Suka kwasa suka tuƙa tuwo. An ce ba a taɓa cin mai daɗinsa ba a garin."

Kawu ya miƙe ya ce mata sai da safe. Ba ta ce Allah ya kai mu ba, yadda ta saba. Ta ce Allah ya tsare. Ya fita da wayarsa.

Abin da ya faru washegari a bakin mahaifina na ji, shi kuma a bakin Kawu. Ya ɗaure gwamna tamau, ƙofar maƙogwaro a wangale. Makina ta tashi da murya ɗaya miƙaƙƙiya, ta shiga ciyawa tana aske ta kamar aska a hannun gwani. Kafilin ya fito baranda da ƙaramin ɗansa, ya gyaɗa kai, ya ce yalla, haka ake so. Muddin akwai ciyawa a bakin wuƙaƙen, nauyinta yana riƙe injin. Sai aka zo ƙarshen fili, inda ake hawa daɓen siminti a juyo. Ba abin yanka. Murya ta fara hawa. Kawu ya mayar da hannun totur baya, ya ji shi sakwaf, kamar an kama hannun rigar da ba mutum a ciki. Ashe totur ba ya taɓa ƙofar da kansa, sifirin yake ja, sifirin ya ja gwamna, gwamna kuwa a ɗaure yake. Ga bango a gaba. Ya cire giya don kada ya yi karo, da haka ya sauke mata ɗan nauyin da ya rage. Ya ce ƙarar ta koma wani siririn ihu da bai taɓa jin ƙarfe ya yi ba. Ya diro ya kai hannu ga wayar fulogi. Bai kai ba. Hannun fistin ya karye ya faso gefen injin, tafasasshen mai ya wanke masa damtse, wani ɓallin ƙarfe ya tashi ya kafe a ƙyauren baranda, taƙi ɗaya sama da kan yaron.

Kafilin bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ɗansa ya shige gida. Direba ne ya fito daga baya ya isar da saƙon, kalma ɗaya ce, kowa ya san ta: halas.

Kawu ya zauna kusa da gawar makina har rana ta take. Da ya ga dokar ba ta da sauran abin da za ta kare, sai ya ɗauko sukundireba ya kwance kafireto. A ciki akwai wani ɗan tagulla mai huji kamar kafar allura, ta nan fetur yake bi. Ya ɗaga shi sama, haske bai ratso ba. Ƙwayar yashi ce da ɗan datti. Ya kai baki ya hura, ta fita. Ya ce wa mahaifina, "Hurawa ɗaya, Yaya."

Ya nemi wani kafilin, amma labarin ƙarfen da ke ƙyaure ya riga shi isa ko'ina. Kafin ƙunar damtsensa ta gama warkewa, mahaifina, da ya shekara da shekaru yana ɗora kayan mutane a jirgi, ya ɗora akwatin ƙanen matarsa a jirgin ruwan da ke zuwa tashar Bar Sudan. Kaka ba ta je tasha ba. Ta ci gaba da hura wutarta, ta ba mu tatsuniyoyi iri-iri har ƙarfinta ya ƙare, amma ta dutsen niƙa ba ta sake fitowa daga bakinta ba.

Ni na fito da ita. Da na zama malamar makaranta na mayar da ita Larabci, na riƙa ba ɗalibaina, da darasinta a gyare tsaf a ƙarshe kamar kwalliyar amarya: wanda yake ja maka birki ba shi ne ciwonka ba, ka nemi inda ya toshe kafin ka hukunta wanda ka ga yana motsi. Ina jin daɗin darasin nan ƙwarai. Yana da kai, yana da gindi, yana shiga jarrabawa.

Bayan shekaru Kawu ya zo aikin Hajji daga Gadarif, inda ya zama mai gyaran injinan ban-ruwa. Kaka ta riga ta rasu. Ya sauka a matsayin baƙon Allah, da ranar fita a rubuce, sai da ya tambayi yara hanyar Bani Malik don unguwar ta cika da benaye. Da yamma muna zaune, na dubi tabon damtsensa, na tambaye shi ko ya saurari tatsuniyar nan a ranar, ko hankalinsa yana kan waya.

Ya ce, "Na ji ta har ƙarshe, 'yata. Tun kafin a kai ga gashin na gane inda Inna ta dosa. Abin da Yaya ya faɗa ma na san gaskiya ne." Ya kurɓi shayi. "Amma ita matar cikin tatsuniya mantawa ta yi da tsinke. Ni hana ni aka yi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Darasina bai yi ƙarya ba, sai dai an ɗinka shi ne daidai jikin wanda yake da ikon buɗe abin da ya toshe. Kawu ya san inda ciwon yake, ya san Alhamis tana zuwa, ya kuma san wurare biyu ne: ɗaya in ya taɓa an kore shi tabbas, ɗaya in ya taɓa wataƙila ya tsira. Ya zaɓi wataƙila. Tun daga lokacin, in na ga mutum ya ɗauko waya zai ɗaure wanda ba shi da laifi, nakan ji tsoron abin da zai biyo baya kamar dā, amma ban cika saurin kiran sa wawa ba. Ina kuma zaton Kaka ta riga ni sanin duk wannan, tana zaune tana juya gyaɗa, ɗanta yana miƙar da waya a gabanta. Ba ta da takardar da za ta ba shi, ba ta da bakin da zai kai kunnen kafili. Tatsuniya kaɗai ta mallaka, ta kuwa san ba za ta isa ba, ta ba shi duk da haka.